Tikitin da Aka Shafa wa Fatiha

A gidanmu, idan aka tashi ba da labarin ƙafata, a taƙaice ake bayarwa: suga ya ci, likita ya yanke. Haka uwarku ta koya muku kuna yara, ni ma ban taɓa gyara mata ba, don gajeren labari ya fi daɗin ɗauka. Amma ke Safiya kin yi wayo lokacin, kin san sau biyu aka yi aikin. Na farko a ƙasan gwiwa aka yanke, wannan kam suga ne. Na biyu a sama da gwiwa, shi kuwa ba suga kaɗai ba ne, rashin wurin kwana ne. Yanzu da shekaru suka ja, ina so ke da Mubarak da Auta ku ji yadda abin ya kasance daga bakina, ko da yake har yau idan na tuna wasu wuraren sai in ji kamar in nutse a ƙasa.

Alhaji Namadi ne ya kai ni Dubai. Ɗan unguwarmu ne, ya girme ni, kuma shi ya tsaya mini har biza ta fito. Sana'arsa fatomanci, irin na iyaye da kakanni, sai dai a cikin bene. 'Yan kasuwa su taso daga Kano ko Gusau, su sauka a gidansa, ya ba su makwanci da abinci, ya raka su wajen sari, ya ɗauki la'adarsa. Fulat ce ya kama a Hor Al Anz da sunansa shi kaɗai, ya sa aka yanyanka falon da katako, aka jera gadaje masu hawa biyu. Baƙi suna da ɗakinsu, mu mazauna muna biyan kuɗin gado duk wata. Doka ba ta yarda da wannan cunkoso ba, kowa ya sani, shi ya sa Alhaji yake yi wa mai gadin benen ihsani, kuma ake hana mu tsayuwa a baranda. Na yi shekaru a gidan nan. Ni nake dama kunun azumi, ni nake raba faɗa idan an sha wa wani madara a firij. Idan da wani ya ce mini ni ɗan haya ne a gidan, da na ce masa bai san mu ba.

Aikina a wani kamfanin kago ne a unguwar Port Saeed, kusa da inda jiragen katako suke lodi. Ina auna kaya a sikeli, ina rubuta sunan mai kaya a jikin kwali, ina sa ido a ɗaure. Wata rana bakin ƙarfen da ake ɗaure kwalaye da shi ya yanke ni a ɗan yatsan ƙafa. Ban ma ji ba, sai da na cire takalmi zan yi alwala na ga jini. Na sa man zafi na ɗaure da tsumma, irin wayonmu na mutanen da. Ciwo ya ƙi warkewa, yatsa ya yi baƙi, baƙin ya hau. Kafin in yarda in je asibiti, ƙafar ta riga ta fi ƙarfin magani. Mai kamfaninmu, wani dattijo ɗan Sudan, ya zo duba ni ya ce kada in damu, zai mayar da ni tebur in riƙa shigar da kaya a kwamfuta, albashina yana nan. Na yi kuka ranar, don ku uku duk kuna makaranta, kuma da wannan albashin ake biya.

Da aka sallame ni na koma gida da sanduna biyu, an karɓe ni hannu bibbiyu. Ɗan'asabe, wani direba da yake kwana a ƙasana, ya bar mini gadon ƙasa ya hau nawa. Aka yi mini farfesu. Amma gidan da mutum goma sha wani abu suke raba banɗaki ɗaya ba ya jure jinya mai tsawo. Banɗakin na tsugunno ne, ƙofarsa ƙarama, ga dakali a bakinsa. Abin da nake yi a da kafin a ƙifta ido, yanzu sai in daɗe ina kokawa da bango, in zauna a kan bokiti in yi wanka ina kare dungun kada ruwa ya taɓa shi. Ina ciki ina jin tafiyarsu a bakin ƙofa, wannan ya yi gyaran murya, wancan ya ce motar kamfani za ta tafi ta bar shi. Ba wanda ya taɓa faɗa mini baƙar magana. Na fara rage shan ruwa don kada in yawaita shiga, ni mai suga.

Gadona yana daf da ƙofar shigowa, kuma ina yawan zama a bakinsa da yamma in miƙe ƙafa ta sha iska. Rannan wasu baƙi suka sauka daga filin jirgi, cikinsu har da wani matashin ɗan kasuwa mai ƙamshin turare. Ya shigo, ya dube ni, ya dubi dungun, sai ya sa hannu a aljihu ya ajiye mini kuɗi a cinya, ya wuce ko tsayawa bai yi ba.

"Ka sa mu a addu'a, Baba," in ji shi.

Ni da na auna wa ubansa kaya shekara da shekaru. Na rasa abin da zan yi da kuɗin, na rasa abin da zan yi da fuskata. Alhaji yana tsaye ya ga komai. Da baƙin suka shige ya matso ya rage murya.

"Haladu, idan baƙi za su iso ka riƙa shiga daga ciki mana. Ka ga gidan kasuwa ne, mutum ya zo da kuɗinsa, kada abin da zai fara gani ya karya masa zuciya."

"To, Alhaji."

Daga ranar na zama kamar kayan da ake turawa ƙarƙashin gado idan an yi baƙi. Sai kuma mai gadi ya fara ƙorafi. Motar asibiti ta zo ɗaukata wankin ciwo sau biyu, ya ce ma'aikatan sun leƙa sun ga gadaje, idan magana ta kai ga hukuma shi ba ruwansa. Na lura Alhaji ya daina zama kusa da ni wajen cin abinci, amma na ce wa kaina hidima ce ta yi masa yawa.

Al'adar gidan, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci a shimfiɗa leda a ƙasa, a kawo manyan tire na shinkafa da nama, mazauna da baƙi a haɗu a ci. Wannan Juma'ar an yi girki ya fi na kullum, har da kaji. Aka zaunar da ni a tsakiya, aka yi ta tura mini tsoka. Da aka wanke hannu, Alhaji ya yi gyaran murya ya ce kowa ya tsaya.

"Jama'a, kun san ɗan'uwanmu Malam Haladu, kun san abin da Allah ya jarrabce shi da shi. Ƙasar nan ta mai lafiya ce, yalla yalla ake yi, komai da sauri. Mun zauna mun ga bai dace mu zuba ido yana wahala ba, alhali yana da iyali da za su kula da shi. Shi ne muka yi karo-karo, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ga tikiti, ga ɗan abin da zai ja jari. Malam, a yi mana addu'a, Allah ya kai shi gida lafiya."

Ya ɗora mini ambulan a hannu. Kafin in buɗe baki, wani malami daga cikin baƙin ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Kowa ya ɗaga. Ku 'ya'yana kun san yadda abin yake a wajenmu: idan an ɗaga hannu ba a katse addu'a, kuma abin da aka shafa wa Fatiha ya ƙulle, ko ciniki ne ko aure ko sulhu. Na duba fuskokinsu. Ɗan'asabe har da hawaye, don shi da zuciya ɗaya ya ba da nasa. Ni kuwa na gane sarai cewa korata ake yi. Amma yaya za ka ce wa mutanen da suka ciyar da kai kaji, suka haɗa maka kuɗi daga guminsu, ba ka so? Sai na ga hannuwana sun tashi da kansu. Malam yana cewa Allah ya sa tafiyar nan ita ce mafi alheri, ni ina cewa amin. Aka shafa, na shafa. Har godiya na yi, na bi su ɗaya bayan ɗaya. A duk rayuwata ban taɓa jin kunyar kaina kamar ta wannan yammacin ba.

Kwana biyu ina juya maganar. Idan na tafi, biza ta mutu, aiki ya tafi, jarin da ke cikin ambulan ba zai kai ku ƙarshen zango ba. Kuma ni ba kwance nake ba, aikina nake yi, hannuna da kaina lafiya lau. Na sami Alhaji shi kaɗai a ɗakinsa, na durƙusa yadda mai ƙafa ɗaya zai iya, na ajiye ambulan a gabansa.

"Alhaji, a yi mini afuwa. Yara suna karatu. Ina so in ƙara ko shekara biyu ce."

Ya daɗe yana kallon ambulan ɗin.

"Haladu, a gaban mutane ka karɓa, a gaban mutane aka shafa Fatiha. Yanzu ka ce in koma in ce musu me? Gadon ma na riga na yi wa wani alkawari, ƙarshen wata zai shigo. Khalas, magana ta wuce."

"Ko a kicin ne, Alhaji, zan shimfiɗa tabarma."

"Gidan nan ba asibiti ba ne. Kada ka sa in faɗi abin da ba na so."

Na fita neman ɗaki. A nan na san garin da nake zaune a ciki. Sai in ga talla a manne a jikin bango, in buga waya, a ce akwai gado, zo yanzu. In hau mota in je, in ƙwanƙwasa, a buɗe, idon mutum ya sauka a kan sandunana, sai ya ce wallahi yanzun nan wani ya biya. Wani ɗan Indiya a Al Nahda ya fi sauran gaskiya, ya ce mini idan na faɗi a banɗaki shi za a kama, ba ya son matsala. Wani ya ce gadon sama ne kawai ya rage, alhali ina hango na ƙasa babu ko zanin gado a kai. Har dabara na yi, na aiki abokin aikina ya je ya biya a madadina, da na iso da jakata aka mayar mini da kuɗin a bakin ƙofa. Gidajen Hausawa kuwa, su na fi jin ciwo. Labari ya riga ni zuwa ko'ina: ga wanda Alhaji Namadi ya yi wa alheri ya watsa masa ƙasa a ido. Za a ba ni shayi, a tambayi jiki, a ce Allah ya ƙara sauƙi, amma ba mai son ya sauke wanda fatoma ya sallama, don gobe shi ma yana da buƙata a wajen fatoman.

Da wata ya ƙare, na kwashe kayana na kai siton kamfani. Mai kamfani ya kau da kai kamar bai gani ba. Na shimfiɗa kwalaye a bayan buhunan atamfa, nan ne ɗakina. Lokacin zafi ne, irin zafin da ko numfashi sai ka yi da ƙoƙari, siton kuma fanka ɗaya gare shi. Wanka sai a banɗakin masallacin da ke bayan layi, shi ma a gurguje kafin masu salla su taru. Idan uwarku ta kira a waya, sai in fita in jingina da bangon wani shago mai kyau, in ce mata ina ƙofar gida ina shan iska.

Wanda ya gano ni shi ne Bulus, mutumin Kafanchan, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ya zo gyara ta ofis, ya zagaya baya neman tsani, ya tarar da ni ina canza bandeji a kan kwali. Bulus ba ya iya ɓoye fushi.

"Baba Haladu, a nan kake kwana? Da wannan ciwon? Haba! Ƙasar nan fa akwai doka. Ba a yarda a wulaƙanta mutum don ya rasa ƙafa ba, ko a wajen aiki ko a wajen zama. Ba ka ga ko a jirgin ƙasa an ware muku wuri ba? Gobe zan ɗauki hutu in kai ka."

Ɗakinsa ba zai ɗauke ni ba, bene ne marar lif, su ma a cushe suke. Amma ya cika alkawari, ya kai ni wani ofishi na hukuma da ke sauraren irin wannan kuka. Muna shiga wani ma'aikaci ya taso ya kawo mini keken guragu, ya wuce da ni gaban layi. Aka kai ni wajen wata Balarabiya mai matsakaicin shekaru. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta saurare ni da gurguwar Larabcina har na gama, Bulus yana cike mini da Turanci. Rabon da wani ya saurare ni haka har na manta.

"Abin da aka yi maka ba daidai ba ne, ya Hajji," in ji ta. "Akwai sunanka a takardar haya?"

"Babu. Sunan mai gidan ne kaɗai."

"To, wannan ya rage mana ƙarfi, amma bai hana mu komai ba. Ba ni sunansa da lambar gidan. Za a kira shi, za a je a duba gidan, kuma za mu ga yadda za a yi da kai."

Ta ɗora yatsunta a kan kwamfuta tana jira. Bulus ya taɓa ni a kafaɗa. Lambar gidan tana bakina, na fi sanin ta fiye da lambar wayata. Na san kuma abin da zuwa dubawa yake nufi: a ga katako, a ga gadaje, a watsa kowa, Ɗan'asabe da bizarsa ta ƙare a sa shi a jirgi. Zan so in ce muku tausayinsu ne ya riƙe ni, kuma akwai shi a ciki. Amma abin da ya fi cika mini kai shi ne majalisar unguwarmu a Kano, da yadda za a ce Haladu ya kai wanda ya kai shi Dubai gaban hukumar Larabawa, bayan ya shafa Fatiha da hannunsa. Na ji kamar ana nuna ku da baki a hanyar makaranta.

"Ma fi mushkila, babu matsala," na ce mata. "'Yan'uwana ne. Za mu sasanta."

Ta dube ni, ta dubi ƙafar, ta sake tambayata ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ta ce ƙofa a buɗe take duk ranar da na canza shawara. A mota, da muka kusa sauka, Bulus ya juyo ya dube ni.

"Baba, mutanen nan sun kore ka, kai kuma kana gadinsu."

Na koma sito. Gumi da ƙurar kaya suka yi aikinsu. Dungun da ya fara haɗewa ya buɗe, ya fara ruwa, ya fara wari, ni kuma ina ƙara bandeji ina fesa turare don kada abokan aiki su ji. Zazzaɓi ne ya kayar da ni a kan tebur da rana tsaka. Da na farfaɗo a asibiti likita ya tambaye ni inda nake kwana, na faɗa masa, ya girgiza kai kawai. Ya ce a wannan karon gwiwar ba za ta tsira ba. Wanda yake da gwiwarsa, idan aka sa masa ƙafar roba, zai yi tafiya har a manta da shi. Wanda ba shi da ita, kun dai ga yadda nake jan jiki.

Bayan an sallame ni, Bulus ya bar ɗakinsu, muka haɗu muka kama wani ɗan ƙaramin ɗaki a ƙasan bene a Al Nahda, da takarda, da sunana a jiki. Rabin albashina yake cinyewa, amma ba mai iya cewa in shiga daga ciki. Shi ya kafa mini ƙarfen dafawa a banɗaki. A ɗakin nan na zauna har Auta ya gama sakandare. Kuma a makon farko da shigarmu ne na kira uwarku na faɗa mata komai, tun daga tiren Juma'a har sito, har ofishin da matar da ta jira ni in faɗi lamba. Na ɗauka za ta ce na kyauta da na rufa wa mutane asiri. Kun san ta, ba ta katse mutum. Ta bari na gama tukuna.

"Malam, su nawa ne a gidan?"

Na faɗa mata.

"Duk ka tuna da su. Ka tuna da Alhaji, ka tuna da 'yan majalisa, har da abin da za su ce. To, ni da zan yi sauran rayuwata ina ɗaga ka ina zaunar da kai, da ka tashi ba da gwiwar nan, ka tambaye ni?"

Ban tambaye ta ba. Na riƙe wayar ina kallon ƙafar wandon da Bulus ya naɗe mini ya soke da fil. Sai ta ce in tabbata na sha maganin rana, ta kashe. Ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Yau da asuba ma ita ta kama ni na miƙe, da bayanta mai ciwo.